Koriyar Kwalbar Iya

Shekaranjiya na shiga wani gida a unguwarmu neman aron turmi, na tarar da wata budurwa a bakin rariya tana wanke kai. Ƙamshin abin da ta zuba ne ya tare ni tun daga zaure, kamar lemon tsami da aka haɗa da alewa. Na tsaya cak. Fatar kaina ta ɗauki ƙaiƙayi nan take, ni da na doshi sittin. Na juya ban karɓi turmin ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma wannan zan ba ku shi yadda ya faru.

A Wudil na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, wadda kowa ke ce wa Iya. Mahaifiyata ta rasu a shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a kan hanya. Gonarmu ta wajen Indabo ta yi damina biyu ba ta ba da abin kirki ba. Mahaifina ya bi wata babbar mota zuwa kudu, ya ce ana neman masu ɗaukar siminti. Bai dawo ba, bai aiko ba. Muka rage mu biyu a gida mai ɗaki ɗaya da rumfa, sai akuya guda da muke tatsa. Shekarata tara.

Kitso ne abincinmu. In kai ya zo, mu ɗora tukunya. In bai zo ba, mu sha ruwa.

Iya ba ta kama kai da datti. Mace ta zo, sai ta zaunar da ita a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta tsefe tsohon kitso da kibiya, sannan a koma bakin rariya. Da farko sabulun salo, baƙi, wanda take dafawa da hannunta daga ruwan tokar karan dawa da man gyaɗa. Shi ke cire datti da tsohon mai. Amma yana da zafin hali, yana barin gashi a bushe kamar tsintsiya. Sai karkashi ya biyo baya. Ta jiƙa busasshen ganyen a ƙwarya har ya saki yauƙi, ta cuɗa shi a kai, sai ka ga gashin da ya cukurkuɗe ya saki, mataji na wucewa ba kuka. Ta ɗauraye da ruwan tsamiya tsararo, ta ce shi ke kashe kaifin toka, ya kwantar da gashi har ya yi sheƙi. Na ƙarshe man shanu, wanda Fulani ke kawowa ranar kasuwa. Shi ba a wanke shi. In an gama kitso sai ta bi kowace tsaga da ɗan yatsa tana shafawa, a ɗaura ɗankwali, ya zauna a kai har kitson ya tsufa.

Ku riƙe wannan, don a nan abin yake. A sanin Iya, sabulu abu ne mai tauri, dunƙule ko sanda, da ake gogawa. Abin da ake tsiyayowa daga kwalba, mai kauri, mai santsi a hannu, wannan mai ne, kuma mai barinsa ake yi a kai. Haka ta gani wurin uwarta. Ba ta taɓa ganin sabulun da ke zuba ba. A unguwarmu ba wanda ya taɓa gani.

Sai kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Mu ba mu gan shi ba, hayaƙinsa kawai muka shaƙa. Manyan motoci suka riƙa tsallake gada wuni guda da rodi da siminti. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka ba su a dunƙule. Babura suka cika gari, rediyo a kowane zaure. Hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ji ba. Matan ma'aikata suka sami katifa da matashi mai farar riga, kuma man shanu na ɓata farar riga.

A lokacin wata mata ta buɗe shagon gyaran kai a Sabon Garin Wudil. 'Yar kudu ce amma a Kano ta girma, Hausa a bakinta kamar tamu. Tana da madubi, da kujera, da kwalabe a jere. Matan da suka fito daga wurinta, ƙamshinsu ke riga su shiga gida. Ɗaya bayan ɗaya masu zuwa wurin Iya suka janye. Talakawa ba su da abin biya, suna kama wa juna kai a tsakar gida. Masu abin biya suka koma can.

Wadda ta rage mana ita ce matar malamin gona. Mace ce mai fara'a, mai sakin hannu, in ta zo mukan yi kwana uku muna cin tuwo. Zuwanta na ƙarshe kafin abin ya faru, tana ɗaura ɗankwali ta ce, “Iya, hannunki babu irinsa, wallahi. Amma maigidan ya ce kaina na warin ƙwaryar nono.”

“Shi da me aka raine shi, da fetur?” in ji Iya.

Suka yi dariya su biyun. Da matar ta fita, Iya ta zauna a bakin ƙofa har inuwa ta juya. Mako uku suka wuce matar ba ta dawo ba.

Bazara ce. Kogi ya ja baya ya bar yashi fari, ƙasa na ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Karkashin da aka ajiye don wankin kai ya koma miya. Na san ƙarar da kwano ke yi in ya taɓa gindin tukunyar gero, kuma kullum ita nake ji.

Ranar Juma'a Iya ta ɗaura wa akuya igiya. Ta ce in zauna a gida, na bi ta a baya har kasuwa. Aka saye akuyar nan da nan, don tana da nono. Iya ta auni gero ɗan kaɗan, sannan ta nufi wurin wani mai koli da ke zuwa daga Kano. A cikin hodar fuska da madubai akwai kwalabe iri biyu, koriya da fara, kowace da hoton wata mata mai gashi har baya.

“Ɗan nan, wanne ne man gashin Turawa?”

“Duka biyun, Iya. Shi manyan mata ke shafawa a birni.”

“Rubutun nan fa, me ya ce?”

Ya ɗauki kwalbar ya ƙura mata ido. Ni ban iya karatu ba, amma na ga matar jikin hoton kanta na ƙasa. Ya ce, “Ya ce gashi zai yi tsawo, amosani zai mutu.”

Kuɗin da ya rage a hannunta na kwalba ɗaya ne. Ta buɗe farar ta shinshina, kamar kindirmo take, ƙamshinta kaɗan. Ta buɗe koriyar, ƙamshi ya bugi har mai tallan daddawa da ke gefe. Ta ɗiga a yatsa ta murza, yana ja kamar zuma. Ƙamshi ta zo nema. Ta ɗauki koriyar, ta ƙulle a bakin zane.

Akwai malamin firamare a bayan gidanmu, taku ashirin bai kai ba. Iya ba ta je ba. Macen da ta shekara arba'in tana kama kai, ta je ta tambayi sa'an ɗanta yadda ake shafa mai? Ni ma a lokacin ban ga dalilin zuwa ba.

Ran Asabar ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta. Ta wanke mini kai da salo, ta bari ya bushe, ta yi mini shuku ƙanana, wanda ba ta taɓa ɓata lokaci ta yi mini irinsa ba. Ta ja shi tamau. Sannan ta buɗe kwalbar ta bi tsaga-tsaga, ba ta yi rowa ba. Sanyi ya ratsa mini kai, ƙamshi ya cika rumfa. Na ji kamar 'yar ma'aikaci. Washegari da safe ta ƙara wani, ta ɗaure kan da ɗankwali, ta ƙulle a ƙeya.

“Ki ji ni da kyau, ja'ira. Kada ki kwance, ƙamshin zai gudu. Kada ruwa ya taɓa kan nan. Ko alwala, a kan ɗankwali za ki shafa.”

Ta ba ni curin tsamiya ta ce in kai wa matar malamin gona, in tsaya kusa da ita in na gaishe ta. Na yi yadda aka ce. Ban gama durƙusawa ba ta ɗaga hanci.

“Ke, matso nan. Me kakarki ta sa miki?”

“Man Turawa ne.”

“Kai! Iya ta waye ke nan. Ce mata ina nan tafe ran Alhamis, muna da suna ran Juma'a. Zan zo da ƙawata, matar mai awon titi.”

Kai biyu. Da na faɗa wa Iya, ta ɗaga hannu sama ta yi godiya ga Allah. Ran nan ta ƙara tafin gero a kunu.

Ƙaiƙayin ya fara tun a hanyar dawowa. In gumi ya gangaro mini ido, sai ya yi yaji kamar barkono. Ran Litinin na ce, “Iya, kaina na ƙaiƙayi.”

“Sabon kitso ne. Yaushe kika zama 'yar gata?”

Daga nan ban ƙara faɗa ba. Ran Talata ƙaiƙayi ya koma zafi, kamar an kifa mini kaskon wuta. Na karyo tsinken tsintsiya, in na zaga bayan ɗaki sai in zura shi ƙarƙashin ɗankwalin in yi ta susa har ya fito da ja a baki. Daɗin susar na ɗan lokaci ne, bayansa wutar ta ninka. Ran Laraba kaluluwa ta fito mini a wuya, jikina ya yi zafi, ɗankwalin ya jiƙe daga ciki da wani ruwa mai danƙo. Ƙuda suka fara bi na. Na samo wani tsumma na ƙara ɗaurawa a kai, na riƙa zama nesa da Iya. Ita kuwa tana ta share gida, ta aro kujera 'yar tsuguno mai kyau, ta wanke tabarma, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Rabon da in ji ta tana waƙa tun mahaifiyata na da rai.

Ran nan da azahar ta aike ni ɗebo ruwa. Na shiga kogi har gwiwa. Ruwan na da sanyi a ƙasa. Sunkuyawa kawai zan yi in tsoma kaina, ba mai gani. Na tsaya fiye da tsawon dahuwar ƙwai ina kallon ruwan, ina kuka. Amma na san abin da ke kaina. Akuyarmu ce a kaina. In na wanke, na wanke akuya, na wanke tuwon Alhamis. Na cika tulu na dawo.

Kada ku ce yarinya ce, ba ta da wayo. Wayon ne ya hana ni magana.

Ran Alhamis da hantsi suka iso, su biyu, da lema. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, ya maigidan, ya zafi, ya yara. Iya ta fito da kwalbar ta ajiye a kan faifai inda kowa zai gani. Ta tsefe rabin kan matar malamin gona. Ni ina kwance a ɗaki ina rawar sanyi. Sai na ji matar ta ce, “Iya, kira mana yarinyar nan ƙawata ta ga aikin. Ita ba ta yarda da labari.”

“Ke! Fito ki nuna musu.”

Na fito ina dafa bango. Na durƙusa a gabanta. Ta kwance tsumman sama tana faɗa, wane shirme ne wannan. Ta kwance ƙullin ɗankwalin, ta ja. Bai taho ba. Ya manne. Ta ɗauka gumi ne, ta ƙara ja da ƙarfi. Ya taho da kitso biyu na gefen kunnena, da fatar da ke ƙarƙashinsu.

Ban yi ihu ba. Ƙawar ce ta yi. Wari ya tashi, ya haɗu da ƙamshin nan, har yau ban san abin da zan kwatanta shi da shi ba. Kowace tsaga ta zama gyambo, mugunya na bin hanyar da ɗan yatsan Iya ya bi. Matar malamin gona ta dafe rabin kanta da aka tsefe, ta kalli kwalbar, ta kalli hannun Iya.

“Innalillahi. Iya, wannan za ki sa mini?”

Ba su tsaya jin amsa ba. Ko lemar ba su ɗauka ba, sai daga baya aka aiko.

Iya ta ja ni bakin rariya. Ta ɗebi ruwa a randa ta kwara mini, ta sa tafin hannu ta shafa a hankali. Sai kaina ya yi kumfa. Fara sol, mai yawa, tana gangarowa ta wuyana da jini-jini a ciki. Ta ƙara ruwa, kumfa ta ƙaru. Ta saki moɗa. Ta ɗago hannunta tana kallon kumfar kamar ta ga maciji.

“Sabulu ne,” ta ce. “Sabulu na shafa wa marainiya, na ɗaure, na hana ta ruwa.”

Ta ƙarar da ruwan randa a kaina. Sannan ta goya ni, ni da na wuce goyo, ta ɗauki kwalbar, ta fita cikin rana tsaka ba takalmi. Tsoronta ko akwai guba a ciki. Mutum ɗaya ta sani da ya san kwalaben nan, ita ce matar da ta ƙwace mata abinci. Can ta nufa.

Mai shagon tana cikin taje wa wata kai. Ta ga tsohuwa da goyon ƙatuwar yarinya, ta ajiye mataji. Iya ta sauke ni, ta durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa. Mai shagon ba ta kai sa'ar mahaifina ba.

“Mama, tashi, don Allah tashi.”

“'Yata, karanta mini. Me ke ciki? Zai kashe ta?”

Ta duba kaina, ta rufe baki da hannu. Ta karɓi kwalbar ta juya bayanta, tana bin ƙananan rubutun da farce.

“Ba guba ba ne, Mama. Sabulu ne na ruwa, shamfu ake ce masa. Yawancinsa ruwa ne. Sai abin da ke yin kumfa, ɗan'uwan garin sabulun wanki ne, an dai rage masa kaifi. Aikinsa ya kama maiƙo da datti, ruwa ya tafi da su nan take. In aka bar shi, ya gama da datti sai ya cinye man fata, ya gama da mai sai ya koma kan fatar. Akwai turare, akwai launi, akwai maganin da ke hana shi lalacewa a kwalba. Kaurin nan da kika gani kuma gishiri ne ke kawo shi.”

“Gishiri,” in ji Iya. “A kan gyambo.”

Mai shagon ta miƙa hannu ta sauko da fara, irin wadda muka bari wurin mai koli.

“Tare suke tafiya. In sabulun ya busar da gashi, wannan ke mayar masa da laushi. Akwai wani kitse a ciki mai kama da kakin zuma, akwai abin santsi da ke lulluɓe kowane silin gashi don mataji ya wuce, akwai ɗan tsami irin na lemo da ke kwantar da shi. Ita ma ɗaurayewa ake yi. Amma da ita kika bari a kanta, da abin bai kai haka ba.”

Iya ta daɗe tana kallon kwalaben biyu.

“Salo, da karkashi, da tsamiya,” ta ce. “Abin da ke bayan ɗakina na sayar da akuya na sayo.”

Ba ta tashi daga durƙuson ba. Na ɗauka ƙafarta ce ta riƙe. Ashe da sauran magana.

“'Yata, ki ɗauke ni. Ba kitso ba. Wanki kawai. In wanke, ke ki kama. Abin da kika ba ni na gode.”

Mai shagon ta kalli ƙofa. Mata sun riga sun taru suna leƙe, wadda ake taje wa kai ma ta ja kujerarta baya.

“Mama, labarin ya riga ki isowa. In kika taɓa kai ɗaya a nan, gobe ni ma sai in rufe.”

Ba mugunta ta yi ba, gaskiya ta faɗa. Ta cire ɗankwalinta mai tsabta ta yafa mini, ta tare mana mai babur ya kai mu asibiti.

A can aka aske ni ƙwal da almakashi da reza, mutum biyu na danne ni. Aka yi mini allura, aka shafe kan da wani shuɗin magani, aka ce kada a rufe, iska ta sha shi. Haka na bi gari da kai shuɗi har ya fi wata. Yara na bi na suna cewa an tsoma ni a karofi. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, duk inda na wuce mata na nuna ni da baki, suna cewa ga aikin Iya can. Da Iya ta so a ga kaina a gari. An gani.

Magana kuma ba ta tsaya inda take ba. Wasu suka ce hannunta ne ya kamu da cuta. Wasu suka ce asiri ta haɗa don ta jawo mata, ya juyo kan jikarta. Maƙwabciyar da Iya ta yi wa kitson aure kyauta ta hana 'ya'yanta shiga rumfarmu. Matar malamin gona ba ta ƙara bin layinmu ba, daga baya aka canja wa mijinta wurin aiki. Ban riƙe ta a zuciya ba. Da ni ce, da na fi ta gudu.

Kai bai ƙara zuwa gidanmu ba. Ko ɗaya.

Muka shiga damina da yunwa. Iya ta riƙa ɗaukar yumɓu daga bakin kogi tana kai wa masu ginin tukwane, su ba ta abin da suka ga dama. Ran kasuwa, in an watse, mu bi inda masu awo suka zauna mu share ƙasa, mu sheƙe, mu tsince tsakuwa. Tafasa da rama muka ci har cikina ya daina karɓa. Iya ta rame, zanenta ya riƙa zagaya ta sau biyu. Kullum da safe sai ta duba mini kai, ta shafa man kaɗanya a inda ya warke. Ba ta taɓa ce mini in yafe mata ba, ni ma ban taɓa cewa na yafe ba. Rannan dai tana shafawa ta ce, “Me ya hana ki faɗa?” Na ce, “Akuya.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ana cikin haka, gero ya fara fitar da kai, tsohuwar gidan masunta da ke kusa da mu ta rasu. Ta shekara a kwance, gashinta ya dunƙule ya zama kamar kaba. Mai wankan gawar unguwa ta gwada tsefewa ta kasa, ta ce sai dai a sa almakashi. 'Yar marigayiyar ta ce ba za a kai uwarta da yankakken kai ba. Sai wata ta ce, a kira Iya mana, ai wannan ba abin da zai same ta kuma.

Iya ta ji yadda aka faɗa, don 'yar aiken ba ta ɓoye ba. Ta ɗauki kibiya da mataji, ta tsinko ɗanyen karkashi a bayan ɗaki, ta tafi. An ce ta jiƙa kan da yauƙi ta bi shi sili-sili, ba ta tsinka ko ɗaya ba. Ta wanke da ganyen magarya, wanda shi ma yana da 'yar kumfarsa, ta ɗauraye, ta yi mata kitso uku kamar yadda ake yi wa mace in za ta tafi. Ta dawo da kwanon gero da tsohon zane na sadaka. Ta ajiye a gabana.

“Ɗora ruwa,” ta ce. “Wannan ba ta ce kanta na wari ba.”

Shi ke nan sana'ar da ta rage mata. Masu rai suka guje ta, aka riƙa kiran ta wa matattu, daga unguwarmu har ƙauyukan Achika. Ba kullum ake mutuwa ba, don haka ba kullum muke ƙoshi ba, kuma abu ne mai nauyi yarinya ta san tuwonta na zuwa ne in an yi kuka a wani gida. Amma mun rayu. Da na girma, na yi aure, miji ya rasu, na dawo, sai na fara riƙe mata buta. Da ta rasu ni na wanke ta. Aikin ya zauna a hannuna har yau.

Gashina ya dawo, ban da wuri biyu a saman kunnen hagu, kowane kamar faɗin kwabo, sumul. Ba mai gani sai in na cire ɗankwali.

Yanzu Wudil ta cika ta batse. Kowane ɗan kanti na da kwalaben nan jere, kala-kala. Yarinya 'yar shekara bakwai ta san wanne ake fara zubawa, wanne ke biyo baya, ta karanta bayan kwalba ta gaya maka abin da ke ciki. Kuskuren da ya cinye Iya, yau ko a wasa ba mai yin sa. Na gode wa Allah da haka. Magarya kuwa sai an nema, an sare yawancinsu an yi gini. In na je wankan gawa, sau da yawa 'ya'yan mamaciya kan miƙo mini kwalbar da uwarsu ke amfani da ita, su ce da wannan ta saba. Ina karɓa. Ina ɗiga kaɗan.

Sai dai ɗauraya. Ina zuba ruwa, in matse, in ƙara, in bi bayan kunne da ƙeya, in ƙara, har sai ruwan ya fito garau kamar yadda ya shiga. Maza a waje su aiko a ce liman na jira, rana na yi, masu haƙa sun gama tuni. Matan gida su ce na cika jinkiri, ai ba ji take yi ba.

Su jira. Wadda ke kwance a gabana ba za ta iya cewa kanta na zafi ba.